Garken Mai Komawa Abijan

A tashar Madawa, Nasiba tana jiran motar Tamaske, wani matafiyi ya zauna kusa da ita da naɗin wayar shinge sabuwa fil.

"Malam, lambu za a yi?"

"Garke, Inna. Karsana uku da bijimin Azawak. An ce likitan dabbobi shi yi musu allura su ɗau ciki, na ce a'a, bijimi ya hi."

"Wa za ya shayar da su?"

"Maiɗakina. Ni bayan salla Abijan za ni koma."

Nasiba ta dubi kantar igiyar guga a tafin hannunta.

"Nawa maigidan ma bijimi ya bar mini, ya tahi. Shanu huɗu tano guda, babbar gangar ruwa cike, suke sha kullum. Maida wayar nan, ɗana, ka sayo mata jakin jan ruwa."