Mai Sayen Ruɓaɓɓiyar Ayaba

Mai ayaba ta ƙura wa matashiyar da ta zo saye ido, don ba ta taɓa ganin wanda ya tsallake mai kyau ya zaɓi ruɓaɓɓiya ba.

"'Yata, wa za ki ba wannan?"

"Ƙananan ƙudajen nan masu bin ayaba, Mama. Kiwonsu muke a ɗakin bincike."

"Kiwon ƙuda? Wa za a yi wa asirin?"

Matashiyar ta yi dariya. "Ƙwansu muke dubawa. Ƙwayoyin gadon da ke ciki kamar fitilu suke, wasu su kunnu, wasu su mutu, da haka kai da ciki ke samun wurinsu. In ɗaya ta kunnu inda bai kamata ba, sai ƙafa ta tsiro a ka."

"Har a mutum?"

"Mu ma muna da irinsu."

"Ba don uwa ta yi wani laifi ba?"

"Yawanci babu laifin kowa."

Mai ayabar ta zuba mata ayabar a leda.

"Jikana yatsa shida gare shi. Uban ya koro min 'yata, wai ita ta jawo." Ta ƙulle ledar tamau. "Ban yarda da ke ba tukuna. Amma ki dawo gobe, zan kira uban yaron, ki maimaita a gabansa."