Sunan Ɗan Farina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Hadiza daga Dungas.

Da daminar nan zazzaɓi ya ɗauke ɗan farina, yana da shekara sha tara. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Yaron nan" nake ce masa har ya bar duniya.

Bayan sadakar bakwai, sabuwar ungozomar likitarmu, wato asibitin garinmu, ƴar Katolika, ta shigo gaisuwa. Ita ma ta taɓa binne ɗa. Baƙuwa ce, ba ta san al'adar ba. Ta ce, "Yaya, faɗa min sunansa, in sa shi a addu'ata ran Lahadi."

Sai na ji bakina ya ce, "Habibu." Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yanzu kaina ya ɗaure. Surukata ta ce na zubar da kunya, kuma addu'ar majami'a ba tamu ba ce. Ni kuwa tun ranar na fara cin abinci.

Don Allah malamai su warware min. In na yi laifi, wanne ne: kiran da na yi, ko shekara sha tara da ban kira shi ba?