Tsohon Lagireto

A bencin wani gareji na iske su, wata dattijuwa da wani direban tasi, ana ɗora wa motarta sabon inji.

"Mama, na ji kin ce a mayar da tsohon lagireton? Zai ƙona miki sabon injin nan fa. Dubi ƙasansa, duk sabulu aka liƙa. Tiyon ma da zare aka ɗaure."

"Aikin maigidana ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"In muna tafiya ruwan ya tafasa, sai mu tsaya gindin bishiya har ya huce. A gida ba shi da magana, amma a nan sai ya yi ta zuba. Har addu'a nake yi motar ta yi zafi."

Direban ya yi dariya. "To, sabon lagireto ba ya tafasa, Mama. Kin daina tsayawa a hanya."

Ta jima tana kallon motar.

"Ko na tsaya, ɗana, da wa zan yi hirar?" Sai ta ɗaga murya. "Makanike, sa sabon. Amma miƙo min murfin tsohon."