Kada a Karɓi Rigunan Bulus da Isyaku

Mai girma shugaban kwamitin ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, Alhaji Ɗahiru. Uwar ƙungiya, Hajiya Zuwaira. Wakilan kamfanonin da suke ɗauke da nauyinmu daga Sharaɗa da Challawa da Bompai. Koci Nuhu da 'yan wasansa. Iyayenmu malamai da fastoci. Da ku 'yan'uwana magoya baya, da kuka taso daga aiki ko gida ba ku leƙa ba kuka cika wannan ɗaki: ina yi muku sallama, barkanmu da yamma.

Sunana Dabora, ma'aikaciyar masaƙa ce ni a nan Sharaɗa, kuma shugabar magoya bayan ƙungiyar Maƙera. Wanda bai san fuskata ba ya san muryata, don ni ce matar nan da alƙalan wasa suke roƙon a matsar da ita daga bayan kwando. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni damar magana kafin a yanke hukunci, ba bayan an yanke ba.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. An kawo shawara a cire manyan 'yan wasanmu biyu, Bulus da Isyaku, a karɓi rigunansu, saboda ba su zo wasan kusa da na ƙarshe ba, wasan da aka fitar da mu daga gasa. Na ji zafin wannan rashi kamar yadda kowa ya ji, har na kasa cin abinci ran nan. Amma na tsaya a gabanku ne in roƙa kada a yi haka.

Da farko, a duba ranar da aka sa wasan. An sa shi kashegarin Babbar Sallah. Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin fata a Challawa ya san abin da wannan mako yake nufi. Motoci ne suke jerin gwano cike da fatun layya, daga cikin gari, daga ƙauyuka, daga jihohin maƙwabta, kuma ɗanyar fata ba ta jiran kowa. In ba a yi mata gishiri a ranar ba, washegari sai dai a toshe hanci a kwashe ta a zubar. A wannan kamfani Bulus da Isyaku suke cin abinci. Alawus ɗin wasa yana taimakawa, amma ba shi ne yake riƙe da gidajensu ba.

Kun kuma san al'adar ma'aikatan can. Da Sallah, Kiristoci ne suke riƙe wa Musulmi aiki su je su gaida iyaye. Da Kirsimeti, Musulmi su rama. Bulus ya riga ya yi wa abokan aikinsa alkawari tun kafin a fitar da ranar wasa, mutanen nan sun kama hanyar garuruwansu bisa maganarsa. Shi kuwa Isyaku, ya je ya roƙi sufabaiza ya ba shi yini guda, aka gaya masa duk wanda bai zo a makon nan ba, kuma ba shi da mai riƙe masa aiki, kada ya wahalar da kansa ya dawo. Mutum mai mata da 'ya'ya, ga mahaifiya a kwance. Ina tambayar wannan taro, ina tambayar kowane magidanci a cikinsa: wa zai ji wannan magana ya ɗauki takalmin wasa?

Na biyu, ina so in yi magana a kan waɗanda suka buga, don na ji ana yi musu dariya a adaidaita sahu, abin kuma yana ƙona mini rai. Shekara da shekaru waƙar filinmu ɗaya ce: Isyaku ya kawo ƙwallo, ya jefa kusurwar hagu ko kallo bai yi ba, Bulus yana can a tsaye, ya zura. Haka ake atisaye, haka ake wasa, haka muke ci. To ran nan aka ɗora Muhyiddeen a gurbin Isyaku. Ya kawo ƙwallo tsaf, ya ratsa mutum biyu, ya jefa kusurwar hagu kamar yadda ya ga ana yi kullum. Babu kowa a wurin. Ƙwallo ta wuce ta tarar da mai zoɓo, ta kifar masa da kula. Fili ya ɗauki dariya, har 'yan ɓangarenmu. Bai jima ba ya sake, wani ma ya sake. Hannuwansu sun haddace wurin da Bulus yake tsayawa, ba su taɓa koyon neman juna ba, don ba a taɓa buƙatar su nema ba.

Amma waɗanda suka fice daga fili da hutun rabin lokaci ba su ga abin da muka gani ba. Koci Nuhu bai yi musu tsawa ba, cewa kawai ya yi kowa ya kira sunan wanda zai jefa wa kafin ya jefa. Sai ga su suna ta kiran juna kamar 'yan kasuwa. Timoti, wanda ya daɗe a benci har wasu suka ɗauka mai raba ruwa ne, shi ya dinga zura ƙwallo ɗaya bayan ɗaya. Muhyiddeen ya faɗi, gwiwa ta fashe, ya ƙi fita. Tazarar da ta yi kama da rami suka cike ta saura ƙiris, lokaci ne kawai ya ƙare musu. An ci mu, gaskiya ne, amma ba a wulaƙanta mu ba. A ranar ne na san cewa muna da 'yan wasa fiye da biyu.

Ana cikin watsewa Bulus ya iso, da takalmin roba a ƙafa, warin fata a jikinsa, bai ko tsaya wanke hannu ba. Ya tambaye ni sakamako, na gaya masa. Ya je ya zauna kusa da Muhyiddeen ya dafa kafaɗarsa.

Roƙona ga kwamiti shi ne wannan. Tun kafin wata gasa, a zauna da kamfanoni a nemo wa 'yan wasa izini a hukumance, kada a bar talaka ya je shi kaɗai gaban sufabaiza yana murza hula. A riƙa ba 'yan benci wasa tun ana cikin daɗi, ba sai ranar da ta ɓaci ba. Sannan a janye maganar kora baki ɗaya.

Ranka ya daɗe shugaba, wataƙila kun lura Bulus da Isyaku ba sa cikin ɗakin nan. Suna bakin get, kunya ta hana su shigowa. Da zan shigo na gan su kowa da leda a hannu, na tambaya mene ne a ciki. Isyaku ya ce da ni, "Mama Dabora, rigunan ne. Mun wanke mun goge. In an ce mu ajiye za mu ajiye, ba ma so a ce mun mayar da su da datti."

Mutanen da ake cewa ba su damu da ƙungiya ba ke nan. Ina roƙon ku, don girman Allah, a aika a shigo da su, a ba su kujera, su koma gida da ledojinsu yadda suka zo da su.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yin adalci. Allah ya tsare mana ayyukanmu da lafiyar 'yan wasanmu, ya ba mahaifiyar Isyaku sauƙi. Allah ya bar mu tare, Musulmi da Kirista, a wurin aiki da filin wasa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.