Guguwar Tsintsiya

Igiyar ruwa ta tsallake katangar tashar Iskandariyya, ta jiƙa tsoho Abdurradi sharkaf. Tsohon ya damƙi hannun wani mai kwalekwale.

"Allahu akbar! Ruwa ne wannan ko dutse ke tafiya? Ka kai ni wurin jirgin yaƙin can, ɗana Sabri na ciki."

"Alhaji, daga Aswan kake ko? Nan ba kogin Nilu ba ne. Guguwar Tsintsiya kenan, duk ƙarshen kaka sai ta zo ta share teku. Ko sojan ruwa ba ya fita."

"To me ya sa jirginsu ya nufi waje?"

Mai kwalekwalen ya duba, ya ga lallai jirgin na fita daga tashar.

Sai ga wani hafsa a guje, ba hula. "Waye mahaifin Sabri a nan?"