Sassaƙen Ɗorawa

A tashar Matameye wani tsoho ya dubi buhun da ke gaban Badariyya.

"'Yata, wannan sassaƙen ɗorawa fa?"

"Jami'a zan kai, Baba. Za mu tace ruwansa, mu gani ko yana kashe ƙwayoyin cuta."

"Da shi muke wanke gyambo tun ba a haife ki ba. Itatuwa nawa kika sassaƙa?"

"Ɗaya ce, a gonarmu ta Kurni. Na zagaye ta tas."

"Subhanallahi! Gabas da yamma ake ɗiba, a bar mata sauran rigarta. Wadda aka zagaye bushewa take yi."

Badariyya ta dubi buhun. Da kalwar itacen nan innarta ke yin daddawa.

"Kai buhunki," in ji tsohon. "Kin je neman magani, kin kashe uwarsa."