Rediyo Biyu a Bakin Kanal

Assalamu alaikum malama mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Daga Bunkure nake rubuto miki.

Muna yara, mahaifina da maƙwabcin gonarmu, Baba Sule, kowa da rediyonsa yake zuwa bakin kanal. Babana yana bayan Amurka, Baba Sule yana bayan Rasha. Sai ka ji Baba Sule ya ce, "Alhaji, mutanenka sun sake tsokano faɗa!" Babana ya ce, "To naka fa, limamai ne?" Su yi ta musu suna dariya. Amma ranar da aka saki ruwa, wanda ya riga zuwa shi ke buɗe wa ɗan'uwansa hanyar ruwan gonarsa.

Yanzu ni da Haladu ɗan Baba Sule mun gaji gonakin, mun gaji musun. Kwanaki kan yaƙin Rasha da Yukren ya kira ni ɗan koren Turawa, ya tashi. Da aka saki ruwa bai buɗe min ba, bai kira ni ba, ga tumatirina ya fara yaushi.

Na yi ta tunani, ko mu ne ba mu iya musu irin nasu ba? Masu sauraro, in same shi gida ko in jira?

Haladu, in kana ji, ranar ruwa in na riga ka, zan buɗe maka.